Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NCC Da Gwamnatin Jihar Kaduna Kan Kiran Gaggawa A Karkara

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Shekarun aikina kusan duka na yi su ne a ƙananan asibitocin karkara, irin waɗanda mutanenmu ke kira sha-ka-tafi, galibi a yammacin jihar nan, kafin in yi ritaya in dawo Rigasa in zauna. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne da gangan. Maganar da ke tafe da ni rabinta na hannun ɗayanku, rabin kuma na hannun ɗayan, ina tsoron in na rubuta wa kowa tasa daban, kowa ya nuna mini ƙofar ɗan'uwansa.

A ƙauyen da na fi daɗewa akwai wani dutse bayan makarantar firamare. Yaran garin sun raɗa masa suna "ofis", don nan kaɗai ake samun sabis. Mai son gaishe da ɗansa da ke ci-rani a Legas, da mai jiran a turo masa kuɗin taki, da saurayi mai neman jin muryar budurwarsa, duk can ake haɗuwa da yamma, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da rana abin dariya ne. Wani dare cikin watan Agusta, ana tsuga ruwa, ungozoma ta aiko a tashe ni. Wata yarinya ce ta haihu a gida, haihuwar fari, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma ya ɓalle. Na yi abin da ke hannuna, na yi mata allura, na ɗaura ƙarin ruwa, amma ko makaho ya shafa ya san jini take bukata, kuma babu shi sai babban asibiti. Duk wanda ya yi aikin lafiya ya san zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu in ba a tare shi ba.

Mota mafi kusa da mu wata a-kori-kura ce a garin da kasuwarmu ke ci. Ƙanin mijinta ya kwashi wayoyi uku, kowace da layin kamfani daban, ya cusa a leda ya hau dutsen nan cikin duhu da santsi. Kira ya ƙi shiga a dukkansu. Da ƙyar wani ɗan makaranta da ya bi shi ya ce a gwada tes. Saƙon ya yi ta juyi, can ya tafi. Allah Ya sa direban bai kashe wayarsa ba, Ya kuma sa akwai sauran kwananta a gaba. Yau ɗan da ta haifa har ya isa tura shi kiwo.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, a daren nan babu ko mutum ɗaya a cikinmu da lamba 112 ta faɗo masa a rai. Har da ni, mai takardar shaidar aikin lafiya. In kuwa malamin asibiti bai tuna da ita ba, ina ga manomi da matarsa?

Ranka ya daɗe Shugaban NCC, na san hukumarka ba ta zauna haka nan ba. An ware 112 a matsayin lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta, ba ta cin kati. An gina cibiyoyin karɓar kiran a jihohi da dama, har da tamu ta Kaduna, kuma a watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ta Abuja. Tsarin shi ne mai karɓar kira ya saurari matsalarka ya haɗa ka da 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko Sibil Difens, ko motar ɗaukar marasa lafiya. Su ma jami'an kiyaye haɗurra suna da tasu, 122. A takarda babu abin kushewa. Ga mutumin Unguwar Rimi ko Barnawa, mai yiwuwa a aikace ma haka ne. Amma jihar nan ƙananan hukumomi 23 ce, mazaɓu 255, kuma mafi yawan ƙasarta ba kwalta ba ce. Wanda ya fi kowa bukatar lambar nan shi ne wanda ya fi kowa nisa da ita: na bakin dajin Kamuku, na ƙauyukan Giwa da ke iyaka da Katsina, na lungunan Kajuru da Kachia da Kauru, da matafiyin da motarsa ta ƙwace tsakanin Buruku da Udawa.

Akwai wani abu a tsarin wayar salula da na jima ban sani ba, sai bayan na bar aiki wani ɗana mai gyaran waya ya fahimtar da ni, kuma ya tsaya mini a rai. Tun asali an ƙera tsarin GSM ne ta yadda in ka danna 112, wayarka ba ta tsayawa jiran ƙarfen sabis na kamfanin layinka. Duk ƙarfen sabis da ta jiyo a kusa, ko na wane kamfani ne, za ta nemi ta bi ta kansa. Shi ya sa wani lokaci in sabis ɗinka ya ɗauke za ka ga wani ɗan rubutun Turanci a fuskar waya, wanda ma'anarsa ita ce kiran gaggawa kaɗai ke iya fita. Mutanenmu na ganin rubutun nan kullum, su ɗauka cewa ake yi babu sabis, su mayar da waya aljihu. Ita kuwa wayar cewa take yi ga ƙofa ɗaya a buɗe. Haka kuma ko waya na kulle da lambar sirri, ana iya kiran gaggawa da ita ba sai an buɗe ba, abin da zai amfani wanda ya tsinci mai haɗari a hanya.

To amma waya ce ke nema, kamfani ne ke karɓa ko ya ƙi. A nan nake roƙon hukumarka ta fito ta yi magana da baki ɗaya, da Hausar da kowa zai gane: wajibi ne kowane kamfani ya karɓi kiran 112 daga layin da ba nasa ba, da layin da babu ko kwabo a ciki, da layin da aka toshe saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da aka yi ta rufe layuka, mutanen karkara ne suka fi shan wahala, don su ne ke nesa da wuraren rajista. Kada rashin takarda ya hana mutum kukan neman ceto. In dokar na nan, a tabbatar ana bin ta, a kuma sanar da mu.

Sai dai a faɗi gaskiyar duka. Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, wai 112 na shiga ko'ina a duniya ko babu sabis, wai ta tauraron ɗan'adam take bi. Ba haka ba ne. In babu ƙarfen kowane kamfani da wayarka za ta jiyo, babu inda kiran zai je, ko sau ɗari ka danna. Gaskiya ne kamfanin Apple ya fara sa hanyar tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam a iPhone 14 a ƙarshen 2022, aka fara da Amurka da Kanada, amma wannan zancen wata duniya ce. Kuɗin wayar kaɗai ya sayi shanun noma. Mu namu mutanen ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, wadda caji ɗaya ke kai ta kwana huɗu, kuma da ita za a yi lissafi.

Saboda haka maganar ta koma kan ƙarfen sabis. Tun 2001 aka fara wayar salula a ƙasar nan, yau fiye da shekara ashirin, amma har yanzu akwai garuruwan da ke da dagaci da masallacin Juma'a da coci da rumfar zaɓe, ba su da inda za su tsaya su yi kira sai kan dutse ko kan bishiya. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba in ya yi lissafi. Kafa ƙarfe kuɗi ne, janareta na shan dizal dare da rana, ga ɓarayin batir, ga 'yan bindiga da suka hana injiniyoyi shiga wasu wurare, su kuma mutanen garin katin ɗari biyu suke sawa a mako. Ai saboda irin wannan ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, don a kai sadarwa inda riba ba za ta kai ta ba. Roƙona shi ne a sauya ma'aunin da ake zaɓar wuraren. Kada a tsaya kan yawan masu waya kawai. A tambayi nisan gari da asibitin da ke ƙarin jini, da nisansa da ofishin 'yan sanda, da ko rafi na yanke shi da damina. Garin da ya faɗi a waɗannan tambayoyi shi ya kamata ya zo farko, ko da gida ɗari ne. Kuma ba sai an kai musu sabis mai gudun kallon bidiyo ba. Ƙaramin ƙarfe mai aiki da hasken rana, wanda zai ɗauki murya da tes, ya wadatar a fara da shi.

Mai Girma Gwamna, a nan jiha na da abin yi. Tun 2020 Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin haƙa hanyar binne wayoyin intanet, kuma an yaba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Amma takarda ba ta gadin ƙarfe a daji. Mutanen gari ne ke gadinsa, in sun ɗauke shi nasu. A zauna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, a ba da fili, a ɗauki 'yan garin aikin gadi da albashi, a kafa ƙarfen kusa da asibiti ko makaranta maimakon can bayan gari inda babu mai ganinsa. Yanzu da aka samu sauƙi a yankin Birnin Gwari, har kasuwar shanu ta dawo ci tun ƙarshen 2024, lokacin ne ya kamata a bi sahu a gyara ƙarafan da suka mutu, tun ƙafa na iya shiga.

Ba zan tsallake abin da ya faru a 2021 ba. A ƙarshen Satumban shekarar, bayan Zamfara ta fara, gwamnatin jihar nan ta sa aka katse sadarwa a wasu yankuna saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma hana hawa babur, ba a maido da layukan ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Na fahimci dalilin. Ɓarayin daji da waya suke cinikin kuɗin fansa, da ita masu kai musu rahoto ke aiki. Ba na zo tayar da tsohuwar muhawara ba ne. Amma wata biyun nan mata ba su daina naƙuda ba, maciji bai daina sara ba, kuma lokacin kaka ne, sa'ad da gobe-da-nisa ke kwanciya a ƙarƙashin dami. Wanda aka kai wa hari ma ba shi da hanyar sanar da soja. Masana sun san tsarin salula na da hanyar da ƙarfe zai rufe wa kowa kira amma ya bar na gaggawa a buɗe. In har wata rana, Allah Ya kiyaye, aka sake ganin dole sai an katse, a rubuta tun yanzu cewa 112 ba ta cikin abin da za a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu a ce kiran ya shiga. An ɗauka, an ce kana ina? A nan wata sabuwar wahala ke farawa. Mutumin ƙauye ba shi da lambar gida ko sunan titi. Kwatancensa shi ne, in ka wuce kasuwa ka saki kwalta ka yi hannun hagu, ka bi burtali har tsamiya biyu, ka tsallaka rafi. Kuma Unguwar Sarki nawa ce a jihar nan? Sabon Gari nawa, Tudun Wada nawa, Hayin wane da Gidan wane nawa? Mai karɓar kira da ke zaune cikin Kaduna, ko da ya ji Hausa kamar jakin Kano, ba zai gane ba sai da taimako. A Birtaniya tun 2014 suka ɓullo da wata dabara da ake kira AML, wadda da zarar ka kira lambar gaggawa babbar waya ke kunna na'urar gano wuri da kanta ta aika wa cibiya inda kake, ba tare da ka taɓa komai ba. Wayoyin Android da iPhone na zamani duk suna ɗauke da ita, abin da ya rage shi ne ƙasa ta shirya karɓa. Ga mai ƙaramar waya kuwa, kamfani ya san ƙarfen da kiran ya bi, kuma ko wannan kaɗai ya rage fagen nema, duk da cewa a karkara ƙarfe ɗaya kan ɗauki tazarar kilomita masu yawa. Sauran aikin na hannu ne: a bi mazaɓu 255 ɗin nan a rubuta sunan kowane ƙauye da ruga yadda masu wurin ke kiransa, da hanyar shigarsa rani da damina, da lambar mai unguwa da ta malamin asibiti. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun riga sun taka kusan kowane lungu gida-gida, suna da taswirorinsu. A karɓa a ajiye a gaban mai amsa kira.

Harshe ma abin dubawa ne. Wanda ke cikin firgici da harshen uwarsa yake magana. Kada a tare shi da Turanci ko da na'ura mai cewa danna ɗaya, danna biyu. A fara da Hausa, a kuma samu masu jin Fulatanci da Gbagyi da Adara da Jju da Tyap a kowane zubin aiki, mata a cikinsu, don akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji baƙo a waya ba ko tana mutuwa.

Ina kuma roƙon a buɗe hanyar tura tes zuwa 112. Labarin da na fara da shi ya isa hujja. Tes ɗan abu ne, sabis ɗin da bai isa ɗaukar murya ba yakan ɗauke shi, ko da layi ɗaya ne ke leƙowa yana ɓacewa. Ban da haka, akwai kurame, akwai kuma wanda ke ɓoye cikin dawa yana jin takun mutanen da ke nemansa, wanda in ya buɗe baki ya mutu. A Birtaniya akwai irin wannan tsari na tes zuwa 999, lambar gaggawarsu. Wanda bai iya boko ba, ba a rasa ɗan makaranta a kusa da shi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsoro. Da yawa a karkara sun ga abu da idonsu amma ba za su kira hukuma ba, don suna gudun kafin gari ya waye labari ya koma daji cewa wane ne ya kira. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya riga ya zauna a zukata. Sai an nuna wa mutane a aikace cewa lambar mai kira amana ce, kuma duk ma'aikacin da ya fitar da ita zai ɗanɗana kuɗarsa. Mu ma talakawa da namu laifin, ban ɓoye ba. Yara da zauna-gari-banza kan kira lambar kyauta don wasa ko zagi, su tare layin da wani ke nema da ransa a hannu. Wannan aikin iyaye ne da malamai da limamai da fastoci, kuma na ɗauki nawa kason.

Mai Girma Gwamna, duk wannan zai tashi a banza in an amsa kira babu mai zuwa. Mutum sau ɗaya yake gwada irin wannan lamba. In ya kira aka ce ga su nan, ya jira har gari ya waye, shi da duk wanda ya ji labarinsa sun gama da ita har abada. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don irin wannan jinya, kuma a kansa shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, ya dogara. Dokar 2017 ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokoki sun yi. Amma motar asibiti da za ta taso daga cikin Kaduna ko Zariya ko Kafanchan ba za ta ceci mai zubar jini a ƙarshen Birnin Gwari ba, tafiyar fiye da kilomita ɗari. Abin da ke ceto shi ne abin hawan da ya riga ya kwana kusa. A wasu jihohin Arewa an yi shiri da direbobin ƙungiyar NURTW, aka horar da su ɗaukar mata masu naƙuda, kuma na ga hikimar abin. A yi rajistar irin waɗannan direbobi da masu Keke Napep da 'yan acaba a kowace mazaɓa, cibiyar 112 ta riƙe lambobinsu, a riƙa biyansu kuɗin mai cikin mako ba sai sun yi ta sintiri a sakatariya ba. Direban a-kori-kurar nan da ya zo mana cikin ruwa, buhun masara aka ba shi bayan girbi.

Sanarwa kuwa ba ta da tsada. Mutumin karkara bai rabu da rediyo ba. Rediyon Tarayya na Kaduna da KSMC da Nagarta da Freedom suna shiga inda jarida ba ta taɓa zuwa ba. A faɗa wa mutane abin da ɗan rubutun nan na fuskar waya ke nufi. A faɗa musu su nemi tudu ko fili, su tsaya wuri ɗaya in sun samu sabis, su fara faɗin inda suke kafin abin da ya faru don ko layi ya yanke an san wurin. A gaya musu waya na zuƙe batir in tana ta laluben sabis, gara a kashe ta a kunna in an hau tudu. A rubuta 112 da manyan baƙaƙe, boko da ajami, a bangon kowane asibiti da tasha da makarantar allo. Amma don Allah kada a fara shelar sai an tabbatar akwai mai amsawa da mai zuwa.

Abu na ƙarshe da nake nema ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ku tashi ma'aikata kaɗan daga ofisoshinku biyu, ku ba su ƙananan wayoyi da layin kowane kamfani, su bi hanyar Birnin Gwari, da ta Kachia ta Kasuwan Magani da Kufana, da ta Abuja wajen Rijana da Katari, su riƙa sauka daga kwalta suna shiga ciki. Duk garin da suka isa su danna 112, da rana da kuma tsakar dare, su rubuta ko ta shiga, da wanda ya ɗauka, da harshen da ya yi, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin wani ya iso. Abin da suka samo a karanta shi a rediyo gari-gari, kowa ya ji matsayin garinsu. In suna son ɗan rakiya, gwiwoyina sun fara ciwo amma har yanzu ina iya hawa dutsen nan na bayan makaranta, kuma na san gefen da ba shi da santsi.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naku,
Tsohon malamin asibitin karkara,
Rigasa, Kaduna.